Randar Kawu a Gindin Tsamiya

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu kacal, kafin azahar har an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina cikin aji a Gusau ina fama da 'yan mata da darasin tarihi aka kira ni, na ajiye alli na nemi mota. Ko gawar ban tarar ba. Na shigo gari maza na dawowa daga maƙabarta.

Na zauna cikin gida kusa da matarsa, wadda duk muke kira Goggo, masu gaisuwa suna ta shigowa. Wani direba daga tashar Gusau, ƙato guda, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Ya haƙuri, Goggo?" sai kuka ya ƙwace masa. Da ya samu kansa ya ce shekara da shekaru yana kawo fasinja garin nan, bai taɓa sauka ba tare da Kawu ya miƙo masa ruwa ba. Wani tsoho ya zo tun daga 'Yandoto, abokin gardamar Kawu ne, ya jingina sandarsa ya ce, "Tun muna samari nike gaya mai garinmu ya girmi dutsinku, ya tahi bai yarda ba. Allah shi gafarta mai. Ni dai wagga na yahe mai." Har Goggo sai da ta murmusa a cikin mayafi.

Mahaifiyata, Inna, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Faɗa ta yi ta yi. "Mutum har mutuwa sai ya yi ta da gaggawa. Kwana huɗu! Ko kunu bai bari na dama mai ba." Wanda ya san Inna ya san kukanta ke nan.

Can da la'asar maƙwabcinsa Bafulatani, wanda rugarsa ke bayan dutse, ya shigo da ƙwaryar nono ya ajiye. Ya ɗan zauna. Da zai tashi ya dubi ƙasa ya ce, "Yanzu wa zai hau da baƙi?"

Ni ce na san nauyin tambayar. Jibi Asabar mota guda cike da malaman makarantarmu za ta taso daga Gusau don hawan dutse, ni na gayyato su, da ƙyar da siɗin goshi. Asabar ɗin kuma ita ce ranar sadakar uku. Zuwansu na biyu ke nan. Na farko kunya muka sha, kuma shugabar makarantarmu ta faɗa mini ƙarara cewa in aka sake, babu na uku. Don wannan Asabar Kawu ya rayu shekararsa ta ƙarshe, sai ya tafi saura kwana biyu. Shi ya sa na ce sai na rubuta, kar a manta da shi, kar kuma a manta yadda aka yi.

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Bungudu, a gindin wani dutse. Ba dutsen Kwatarkwashi ba ne, kar a ɗauka. Namu bai kai shi tsayi ba, bai kai shi suna ba. Kawu kan ce, "Wancan wa na, namu ƙane, amma ƙanen ya fi labari." A samansa kufan kakanninmu yake: ragowar ganuwar duwatsu, ramukan marina, duwatsun niƙa da hannun mata ya lotsa, da wani kogo mai sanyi ko da bazara. Tun ina yarinya baƙi ke zuwa gani. 'Yan makaranta, 'yan bautar ƙasa, mutanen Sabon Garin Gusau in sun samu hutu, a da har da Turawa masu jan wuya. Gari kuma yana cin albarkacinsu. Mata na sayar da fura da ƙuliƙuli da dakuwa, masu saƙa na kasa faifai da tabarmi, 'yan kabu-kabu na jigila daga bakin titi.

Babu wanda ya naɗa Kawu jagoran dutse. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake. Shi dai ya san hanya, kuma Allah ya ba shi baki. A gindin tsamiyar da hanyar hawa ta fara ya kafa wata randa, da faifai a bakinta da moɗa a kai, kullum da safe ya cika ta da kansa. Dokarsa ɗaya ce: ba ka taka dutsen sai ka sha. Ko ka zo da ruwan gora mai sanyi, sai ka kurɓa daga moɗarsa. "Wanda bai sha ruwanka ba," in ji shi, "ba baƙonka ba na, mai wucewa na."

Labarinsa kuwa, Allah ya yafe masa, yana da ƙari. Maharan da kakanninmu suka kora daga kan dutse ba su taɓa tsayawa a adadi guda ba. Na taɓa tsare shi na ce, "Kawu, bara fa ɗari ka ce, yau na ji sun zama dubu." Ko ƙifta ido bai yi ba ya ce, "Sun hayayyafa." Ni da na karanta tarihi har na samu takarda, haka nake barinsa, don in na gyara masa a gaban baƙi sai ya ce musu, "Wagga ɗiyar ƙanwata ta, boko ya ɗan taɓa ta, ku yi haƙuri da ita."

Dama baƙi sun ragu tun da hanyoyinmu suka shiga halin da ba sai na faɗa wa ɗan Zamfara ba, amma na kusa ba su daina ba. Ruwa ne ya ƙarasa abin. Daminar bara aka kwana biyu ana sheƙa shi babu ƙaƙƙautawa, a rana ta uku da safe rafin da ke gabas da gari ya ƙi hanyarsa ya shigo cikin gidaje. Katangu suka zube, rumbuna suka kwanta, kwalbatin da ya haɗa mu da titi ya tafi. Gefen dutsen ma ya zabtare ya binne tsohuwar hanyar hawa. Allah ya tsare rayukan mutane, amma dabbobi da hatsi an yi asara ba kaɗan ba. Randar Kawu ko tsingaronta ba a gani ba.

Daga nan sai motocin agaji. Allah ya saka wa masu kawowa, da ba don su ba da an ji jiki. Farar mota ta tsallako rafi, a sauke buhuna, a yi layi, a raba. Haka aka yi wata da watanni, har kunnen gari ya saba. Da an ji ƙugin mota, mata su sungumi kwano, maza su naɗe buhu a hammata. Kawu ma ya shiga layi, ban ɓoye ba. Ya ce yunwa ba ta san furfura ba.

Sai dai abin da ya fara nema bayan ruwa ya janye ba jinkar ɗakinsa ba ce. Tsafe ya tafi, garin su Goggo, wurin wata mai ginin tukwane, ya dawo da sabuwar randa ɗaure a bayan kabu-kabu, yana rungume da ita kamar jariri. Inna ta tare shi a ƙofar gida.

"Yaya, ɗakinka babu rufi, ka tahi sayen randa? Wa zai sha?"

"Baƙi."

"Waɗanne baƙi? Na aljanu?"

"Ke dai kin cika surutu tun kina goye."

Ya kafa ta a gindin tsamiya, ya ci gaba da cika ta kullum. Ba mai zuwa. Da yamma ya juye ruwan wa awaki, gobe ya sake ɗebo sabo. Mutane suka fara cewa tsufa ya taɓa shi, ni ma a raina na faɗa.

Hanyar hawa kuwa, da ya ga ta binnu, bai tsaya jiran kowa ba. Wurin maƙwabcinsa Bafulatani ya tafi ya ce a ba shi aron awaki. Wai akuya ba ta taka inda zai zabtare. Ya yi makonni yana bin su a baya da sandarsa, inda suka bi ya bi, inda suka ƙi ya ƙi, har ya fitar da sabuwar hanya ta kudancin dutsen. A kowace kwana ya jera duwatsu uku kamar murhu, bakin murhun na duban inda za a bi. Ya zaɓo su masu kyau, kai ɗaya, masu zama daram.

To, ruwa ya cinye murhun kowace mace a garin. Mata na fita itace suka ga duwatsu uku-uku an jera, kamar an ce ga naku. Goggo ce ta fara ɗauka, na kwanar farko, inda hanya ta rabu biyu. Kawu ya dawo gida ya tarar da tukunyar tuwo zaune a kan alamarsa.

"Wanga murhu daga ina?"

"Daga inda Allah ya aje shi."

"Ni na aje shi!"

"To Allah shi yi maka albarka, ka iya zaɓen dutsi."

Ranar ya ƙi cin tuwon, sai da safe ya ci ɗumamensa ba kunya. Ya bi gida-gida yana bayani, mata suka yi ta dariya suna mayarwa. Goggo ta ce ita kam a'a, baƙin da ba su zo ba ba za su hana ta dafa tuwon da ya zo ba. Shi kuma ya rantse ba zai sa wasu duwatsu a wurin ba, sai ta mayar da hannunta. Taurin kai ya gamu da gamonsa. Haka kwanar farko ta zauna babu alama, ita ce kuwa mai haɗari, don hannun hagu yana kai mutum inda ƙasa ta zabtare.

Da rani, bayan an gyara kwalbati, na ce bari in faranta masa. Na lallashi abokan aikina muka ɗauki shatar mota. Kawu kaɗai na gaya wa, na kuma ce kar ya faɗa wa kowa, wai ni mai son a yi mamaki. Motar da muka samu fara ce. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba.

Muna tsallake kwalbati na ga mutane na fitowa. Kafin direba ya kashe mota layi ya miƙe daga gindin tsamiya har masallaci, mata da kwanoni, maza da buhuna, tsofaffi a gaba. Malamai suka sauko da hulunan rana da takalman gudu da wayoyi a hannu, suka yi cirko-cirko. Wata mai tausayi a cikinmu ta buɗe kular shinkafar da muka zo da ita ta fara zubawa, nan take aka yi mata caa. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Shugabarmu ta jawo ni gefe ta ce, "Haba Malama, ai da kin gaya mana halin da ake ciki, da mun zo da wani abu." Ba a yi rabin sa'a ba suka koma mota. Kawu na tsaye a bakin randarsa da moɗa cike a hannu, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ko mutum ɗaya bai sha ba.

Ni da bakina, ban iya shiru ba. Na juya kan mutanen garinmu, iyayena da kakannina, na ce, "Maroƙa! Kun zama maroƙa! Kun tozarta mu!" Na faɗi abin da ya fi haka ma, ba zan maimaita ba.

"Ke!" in ji Kawu. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Rufe mana baki. Wata nawa duk motar da ta shigo garin ga da buhu ta shigo? Kin bi gida-gida kin ce musu wagga daban ta? Wanda ruwa ya ci, ko takobi anka miƙa mai kamawa zai yi. Kina can Sabon Gari kina cin shinkafarki, kin zo kina zagin masu yunwa. Laifinki na, da nawa da na biye miki."

Na shige mota ban yi wa kowa sallama ba. Na yi kuka har Gusau, rabi don kunya, rabi don na san gaskiya ya faɗa. Wata biyu ban taka garin ba. In ya sa an kira ni a waya sai in ce ina aji.

Wata Lahadi da hantsi na ji sallama a ƙofar gidana. Kawu ne, ya sauko daga kabu-kabu, da ƙullin dakuwa a leda. Ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa ya ce, "Ban taɓa zuwa bikon Goggonki ba, yau ga ni na zo bikon ɗiya." Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Na kawo masa ruwa ya sha, shi ke nan an shirya.

"Ki maido mani su," ya ce.

"Kawu, a nemi wasu dai. Waɗannan ba za su sake zuwa ba."

"Su nike so. Wanda ya gan ka tsirara shi ya kamata shi gan ka da riga. Kuma ki ce musu kar wanda ya riƙo mana ko ƙwayar shinkafa. Wanda ya zo da buhu, da shi zai hau dutsi a kai."

Damina guda na yi ina bin shugabarmu. Ba muguwar mace ba ce, cewa take ba ta son a sake ba bayin Allah kunya. Daga ƙarshe ta yarda da wata Asabar bayan an yi girbi, ta kuma ce in abin ya yi kyau za ta bari a riƙa kai ɗalibai, ta yi wa sauran shugabannin makarantu magana. In kuwa aka maimaita na farko, kar in ƙara tayar mata da zancen.

Wannan karon Kawu bai bar gida ko ɗaya ba. Ya raba wa kowa aiki: ke fura, ke ƙuliƙuli, kai ka share gindin tsamiya, ku ku fito da tabarmin da kunka saƙa. "Wanda na gani da buhu ranar," ya ce, "ni da shi." Ni kuma ya sa ni gaba sai na koyi hanya. Sau uku muka hau a hutun makaranta, ina haki ina tsine wa gwiwoyina, shi da ya haura saba'in yana gaba yana jira na.

"Kawu, ga 'ya'yanka maza, mi ya sa sai ni?"

"Su ƙafa gare su, ke baki gare ki. Hawa kowa na yi, labari na ba kowa ba."

Duk hawa ukun, a kwanar farko sai na karkata hagu. Ya ƙwala mini sanda a gaba ya ce, "Dama, malamar tarihi! Dama!" Na ce to ka sa alama mana. Ya ce in je in gaya wa Goggo.

Sai ga zazzaɓi, sai ga Alhamis.

Ranar Juma'a da safe babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya same ni a tsakar gida ya ce in kira Gusau in ce a fasa. "Ba a yawon buɗe ido a gidan makoki. Mi mutane za su ce?" Gaskiyarsa, ni ma wayar na hannuna. Na san dai in na fasa, an fasa ke nan har abada, amma wa zai ce a yi? Goggo ta jiyo mu daga ɗakin da take takaba, ta ce mu matso.

"An cika randa yau?"

Muka dubi juna. Babu wanda ya tuna.

"Kwana ɗaya da tahiyarsa," ta ce. "To ka tahi ka cika ta. Ke kuma aje wayar ga. Mutumin ga shekara guda yana ba awaki ruwan baƙi. In kinka hana su zuwa, ban yahe miki ba."

Yaya ya ce sai an ji ta bakin liman. Liman ya ce shi bai san inda aka hana karɓar baƙo don an yi mutuwa ba. Su zo su zauna a yi addu'a da su, sannan wanda zai hau ya hau. Na kira shugabarmu na gaya mata rasuwar, ta yi salati ta ce to ai sai a ɗaga. Na ce mata matarsa ta ce a zo. Sai shugabar ta ce, "Allah ya kai mu."

Asabar da hantsi maza sun cika ƙofar gida, mata na ciki ana ta haɗa gumba da waina na sadaka. Ina tsaye a bakin zaure na ji ƙugin mota daga wajen kwalbati. Ita ce dai farar motar nan, direban nan ne ma da ya yi kuka ranar Alhamis. Na zuba wa ƙofofin gari ido ina addu'a a zuci, Allah kar Ka ba mu kunya, Allah kar Ka ba shi kunya yana kwance.

Ba wanda ya motsa. Sai ga wata tsohuwa, wadda na gani a gaban layi wancan karon, ta fito da ƙaton kwano a kai ta nufi mota. Na ce shi ke nan, mun mutu. Na taka zan tare ta, ta ture ni da gwiwar hannu ta wuce, ta sauke kwanon a gaban shugabarmu ta buɗe. Gumba ce, fara tas.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "Sadakar mai dutsi ta. Ku ci ku yi mai addu'a."

Shugabarmu ta sa hannu biyu ta karɓa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Malamai maza suka zauna cikin maza aka shafa fatiha da su, mata suka shiga suka gai da Goggo. Aka yi ta tura musu waina har suna cewa ya isa. Wanda ya ɗauki hoton layi wancan karon, yau wayarsa na aljihu.

A gindin tsamiya an share, an shimfiɗa tabarmi da faifai, masu fura sun jeru. Na ɗauki moɗa na ce, "Dokar mai wurin ce, ba a hawa sai an sha." Suka sha ɗaya bayan ɗaya, wasu har sau biyu, wai ruwan randa ya fi na firiji daɗi. Maƙwabcinmu Bafulatani ya ce shi zai tsare baya kar wani ya ɓace. Na shige gaba ina ta nanata wa kaina dama, dama, don na san halina da kwanar farko.

Da muka iso inda hanya ta rabu sai na tsaya cak. Duwatsu uku ne a jere, baƙi ƙirin da hayaƙin tuwo, bakinsu na duban dama. Wata malama ta tambaye ni lafiya. Na ce lafiya lau, hayaƙi ne ya shiga mini ido, ta waiga tana neman inda ake wuta.

Daga nan murhu ya miƙa mu ga murhu har sama. Na nuna musu ganuwa da marina da duwatsun niƙa, muka huta a kogo. Da aka zo labarin mahara wani ya tambaya su nawa ne. Na buɗe baki zan ce ba a tabbatar ba, kamar yadda aka koya mini, sai na ji na ce, "Dubu." Bafulatanin ya sunkuyar da kai yana dariya. Daga can sama ana ganin garin duka, sababbin katangu ja-ja a tsakanin tsofaffi, da zangarniyar gero a kan rumfuna. Shugabarmu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in tsara mata ranar da za a kawo 'yan aji uku.

Sun sauko sun sayi fura da ƙuliƙuli, wasu sun naɗe tabarmi, mota ta tashi kafin la'asar. Na shiga wurin Goggo da moɗa a hannu.

"Na ga murhunki a hanya," na ce.

"Ranar Laraba na kai su, ɗaya-ɗaya, bayana kamar zai karye. Na dawo na gaya mai. Ya ce na makara, amma ya karɓa." Ta gyara mayafinta. "Sun sha?"

"Sun shanye, Goggo. Har sai da na karkata randar."

Nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun Alhamis. Inna ma ta daina faɗa ta zo ta zauna kusa da ita. Da ta share fuska ta ce, "To gobe a cika da wuri."

Ya Allah, bawanKa ne ya zo maKa baƙo. Ya shayar da duk wanda ya sauka a gindin tsamiyarsa, Ka shayar da shi, Ka yafe masa maharan da ya ƙara. Randar dai tana nan, Yaya ke cika ta yanzu, awaki kuma sun koma rafi.